RA'AYINMU: Hanyar Sabha da Direbobin da Muke Damƙa wa Dukiyarmu

Duk falken da ya taɓa loda raguna ko raƙuma daga Agadas zuwa Sabha ya san cewa tun daga ranar da mota ta tashi, dukiyarsa ta bar hannunsa ta koma hannun mutum ɗaya, wato direba. Makiyayi ya yi shekara uku ko huɗu yana wahalar kiwo, falke ya zuba jarinsa har da na bashi, amma gyangyaɗin minti ɗaya ya isa ya watsar da abin duka a cikin rairayi. Saboda haka ne muka ga ya dace mu yi magana da masu motocin da muke haya, musamman waɗanda Allah Ya hore wa mota biyar ko goma suka ɗauki direbobi aiki.

Hanyar nan ba ta yafiya. Daga Agadas zuwa Dirku, daga nan Madama, a tsallaka iyaka a Tummo, a bi ta Gatrun kafin a ga Sabha, babban birnin Fezzan. A shekarar 2017 wata mota ta lalace tsakanin Agadas da Dirku, mutum 44 suka mutu da ƙishirwa, har da mata da jarirai. Ba karo aka yi ba, ba kifewa aka yi ba, inji ne kawai ya tsaya a inda babu rijiya. To, motar da ta tashi ba tayar safiya, ba jarkunan ruwa isassu, ba abokiyar tafiya, wa za a tuhuma in ta tsaya? Mai ita, tun kafin direba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, haɗarin ba ya ƙarewa a Tenere. Direban da ya yi kwanaki yana fama da yashi, da tayarsa ta hau kwalta sai ya saki mota kamar ana korarsa, ga gajiya, ga barci, ga lodi ya wuce ƙima. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ƙiyasta cewa a Libiya mutum 73 cikin kowane 100,000 ne haɗarin hanya ke kashewa a shekara, fiye da kowace ƙasa a cikin rahoton. Ranar 1 ga Agusta, 2022 kuma, tankar mai ta kife a Bint Bayya, kan hanyar Sabha zuwa Ubari, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi. Rahoton farko ya ce mutum 9 sun rasu, sama da 70 sun ƙone. Muna roƙon yaranmu masu rakiyar dabbobi, in sun tarar da irin wannan, su nesanta.

Masu motoci kan ce ai sun ja wa direbobinsu kunne. Jan kunne da baki ba ya tsinana komai muddin ana biyan direba gwargwadon yawan sawun da ya yi. Wanda aka ce abincin iyalinsa ya rataya a kan ya je ya dawo da wuri, shi ne zai kwana yana tuƙi, shi ne zai nemi Tramol don ya kori barci. Mai motar da ke son direba mai natsuwa ya yanka masa albashin wata, ya sa masa direba na biyu a doguwar tafiya, ya yi wa wanda ya shekara bai yi ɓarna ba kyauta a gaban 'yan uwansa. Kuma in direba ya ce birki ba shi da kyau, a gyara, kada a ce masa ya lallaɓa ya je ya dawo. Dattawan Agadas ba su manta da itacen Tenere ba, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada har wani direba ya buge shi a 1973. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai. Wanda ya iya samun itace ɗaya tilo a wannan fili, me zai hana shi samun garke a bakin hanya?

Mu ma fatake akwai namu. Mu ne muke matsa wa direba ya riski kasuwa kafin Sallar Layya, mu ne muke cusa raguna fiye da abin da mota ke ɗauka don mu rage kuɗin haya, sannan a isa Sabha a tarar na ƙasa sun mutu an tattake su. Mu ne kuma muke ɗora yaro a saman lodi ba abin kamawa. In ya faɗo, iyayensa makiyaya ne irinmu.

Don haka muna kira ga shugabannin rassanmu da dillalai da kada a ƙulla haya sai a gaban shaidu, a rubuta adadin dabbobi, da wuraren da za a tsaya a shayar da su, da wanda zai ɗauki asara in laifin mota ne. Kada mota ta shiga Tenere ita kaɗai. Mai motar da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, a sanar da sauran rassa sunansa, a kai lodi wurin wani.