Ra'ayi: Kuɗin talabijin ne ya raba jami'o'in Amurka da maƙwabtansu, ɗalibai ke biyan farashin

A ranar 1 ga watan Satumba na 2023, shugabannin jami'o'in ƙawancen wasanni na ACC a Amurka sun kaɗa ƙuri'ar karɓar sabbin mambobi uku: Stanford, da jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da kuma SMU ta birnin Dallas. Sunan ACC yana nufin ƙawancen gaɓar tekun Atlantika, alhali Stanford da Berkeley suna can gaɓar tekun Pasifik, a ɗaya ƙarshen ƙasar. Daga harabarsu zuwa Boston, inda ɗaya daga cikin sabbin abokan karawarsu take, akwai fiye da kilomita 4,000, wato tazarar da ta haura ta Yamai zuwa Paris, ga kuma bambancin lokaci na awa uku.

Daga cikin hujjojin da aka riƙa kafawa don kare wannan ƙaura har da cewa jami'o'in biyu za su zauna cikin sa'o'insu a fagen ilimi, irin su Duke da Virginia da North Carolina. A ganina wannan hujja ba ta da ƙarfi. Tarihin jami'o'in Amurka kansa ya nuna cewa ƙawancen da jami'a ke buga wasa a cikinsa ba shi ke ɗaga darajarta ta ilimi ba, ba shi kuma ke sauke ta ba.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, ya kamata a fara da bayani. A Amurka manyan jami'o'i suna da ƙungiyoyin wasanni da ke tara ƴan kallo dubbai, musamman a ƙwallon Amurka, wadda ƴan wasa ke sa hular kwano, da kuma ƙwallon kwando. Jami'o'in sun rarrabu zuwa ƙawance-ƙawance. Kowane ƙawance yana tsara jadawalin wasanninsa, ya sayar wa gidajen talabijin izinin nuna su, sannan ya raba kuɗin tsakanin mambobinsa. A da maƙwabtaka ce ke haɗa su. Ƙawancen Pac-12, wanda Stanford da Berkeley suka fito daga cikinsa, asalinsa ya koma 1915, kuma jami'o'in yammacin ƙasar ne suka cika shi.

Rushewar wannan gida ba ta ɗauki lokaci ba. A ƙarshen watan Yuni na 2022, jami'o'in USC da UCLA na Los Anjeles suka sanar da cewa za su koma ƙawancen Big Ten. Makonni kaɗan bayan haka Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da tashoshin Fox da CBS da NBC, ta kimanin dala biliyan 7. Idan aka juya wannan kuɗi zuwa sefa, ya zarce kasafin kuɗin Nijar na shekara guda. Ita kuwa Pac-12 ta kasa samun ciniki mai kama da wannan, tayin da kamfanin Apple ya yi mata bai gamsar da mambobinta ba. A watan Yuli na 2023 Colorado ta fice zuwa Big 12. Ranar 4 ga watan Agusta, Oregon da Washington suka nufi Big Ten, yayin da Arizona da Arizona State da Utah suka bi sahun Colorado. Da Stanford da Berkeley suka samu mafaka a ACC, jami'o'i biyu kaɗai suka rage a tsohon gidan: Oregon State da Washington State.

A nan ne maganar darajar ilimi ta fara warwarewa. Shekaru da dama Big Ten tana alfahari da cewa mambobinta suna cikin AAU, ƙungiyar manyan jami'o'in bincike da aka kafa a 1900, wadda yau take da mambobi kusan 70, biyu daga cikinsu a Kanada. Stanford da Berkeley suna cikin jami'o'i 14 da suka kafa wannan ƙungiya. Da a ce ilimi ne ma'auni, su ya kamata Big Ten ta fara kira. Amma ta ɗauki USC da UCLA saboda kasuwar talabijin ta Los Anjeles, ta ɗauki Oregon da Washington saboda ƙwallonsu na jawo ƴan kallo, ta bar manyan jami'o'in biyu a waje. Su ma waɗannan huɗun suna cikin AAU, ba wanda ya ce ba su da ilimi. Sai dai lokacin da aka zo zaɓe tsakanin masu ilimi, yawan masu kallo ne ya raba gardama.

Ko a ACC ɗin ma ba da hannu biyu aka karɓe su ba. Ana buƙatar ƙuri'u 12 cikin 15, kuma daidai adadin nan aka samu, bayan jami'ar NC State ta sauya matsayinta. Florida State da Clemson da North Carolina sun ƙi amincewa. Sharaɗin da aka gindaya shi ne Stanford da Berkeley su karɓi kusan kashi 30 cikin 100 na rabon kuɗin talabijin a shekaru bakwai na farko, SMU kuwa ta yafe nata rabon na shekara tara. Jami'o'in da malamansu suka tara kyaututtukan Nobel masu yawa sun shiga ne da rangwamen farashi, kamar baƙon da aka ce ya zauna a bakin tabarma. Gibin da Berkeley ta shiga ya sa hukumar gudanarwar jami'o'in Kalifoniya ta umarci UCLA ta riƙa ba ta dala miliyan 10 a shekara har tsawon shekara uku.

Akwai misali na biyu, wanda ke nuna cewa shiga babban ƙawance ba ya riƙe wa jami'a matsayinta. A watan Yuni na 2010 Big Ten ta amince ta karɓi jami'ar Nebraska, wadda a lokacin mamba ce a AAU tun 1909. A watan Afrilu na 2011, kafin ma ta buga wasanta na farko a sabon ƙawancen, sauran mambobin AAU suka kaɗa ƙuri'ar fitar da ita. Ma'aunin da aka yi amfani da shi ya fi duba kuɗin bincike da ake samu ta hanyar gasa daga gwamnatin tarayya. Makarantar likitancin Nebraska tana Omaha, a ƙarƙashin wani reshe daban, don haka ba a lissafa mata kuɗin binciken lafiya ba, sannan ba a ba kuɗin binciken noma nauyi sosai ba. Ana iya sukar wannan ma'auni, ni ma ina ganin jami'ar da ke binciken masara da kiwo ba ta cancanci a rage mata maki ba. Amma abin lura shi ne filinta mai cika maƙil kowane wasa bai cece ta ba, kuma Big Ten ba ta kore ta ba. Kowanne da ma'auninsa.

Misali na uku shi ne jami'ar Shikago. Tana cikin waɗanda suka kafa Big Ten a 1896, kuma ɗan wasanta Jay Berwanger ne ya fara lashe kyautar da daga baya aka sa wa suna Heisman, a 1935. A 1939 shugabanta Robert Maynard Hutchins ya soke ƙwallon Amurka a jami'ar, a 1946 kuma ta fice daga ƙawancen. A ƙarƙashin kujerun ƴan kallo na filinta na Stagg ne Enrico Fermi da abokan aikinsa suka yi nasarar sarrafa makamashin nukiliya karo na farko a duniya, ranar 2 ga watan Disamba na 1942. Yau Shikago tana buga wasanninta a ƙaramin mataki, ba tare da ba ƴan wasa tallafin karatu don wasa ba, kuma ba wanda ke shakkar matsayinta a fannin tattalin arziki ko kimiyya.

Masu ganin akasin haka suna da maganganu biyu da ya kamata a saurara. Ta farko ita ce Ivy League. Wannan suna da duniya ta sani a matsayin tambarin ilimi, asalinsa ƙawancen wasanni ne na jami'o'i takwas da aka tabbatar a 1954, cikinsu har da Harvard da Yale da Princeton. Shin wannan bai nuna cewa ƙawance na ba da daraja ba? Amsar ita ce jami'o'in sun riga ƙawancen suna. An kafa Harvard a 1636, fiye da shekara 300 kafin yarjejeniyar. Kuma manufar yarjejeniyar ita ce taƙaita ƙarfin wasanni a harabar jami'a, shi ya sa har yau ba sa ba da tallafin karatu don wasa. Su ne suka ara wa ƙawancen darajarsu.

Magana ta biyu ta fi nauyi. Kuɗin ƙwallon Amurka ne ke ɗaukar nauyin wasannin da ba sa kawo riba, irin su ninƙaya da guje-guje da kokawa da wasannin mata, waɗanda dokar da aka kafa a 1972 ta wajabta a ba su dama daidai da ta maza. Stanford tana riƙe da wasanni fiye da 30, kuma ɗalibanta na da da na yanzu sun ɗauko lambobin yabo fiye da 30 a gasar Olimfik ta Paris a 2024. A 2020 ta sanar da soke wasanni 11 saboda ƙarancin kuɗi, sai da tsofaffin ɗalibai suka tashi tsaye kafin ta janye shawarar a 2021. Jami'a irin wannan ba za ta so ta faɗa ƙaramin ƙawance ba. Haka kuma haɗin gwiwar ilimi da ke tsakanin mambobin Big Ten, na musayar littattafan laburare da darussan harsuna, abu ne mai amfani.

Na yarda da wannan, amma hujja ce ta kuɗi, don haka a kira ta da sunanta, a daina lulluɓe ta da rigar ilimi. Haɗin gwiwar laburare ba ya buƙatar a buga ƙwallo tare, domin Shikago ta shafe shekaru da dama cikin wancan haɗin gwiwa bayan ta daina wasa da su. Kuma idan aka zo lissafin asara, ɗalibai ne ke ɗaukarta. Ƙungiyar ƙwallon Amurka tana buga wasa 12 a kaka, yawanci ranar Asabar, cikin jirgin shata. Ƴan ƙwallon raga da ƙwallon kwando da sauransu suna buga wasanni da yawa fiye da haka, wasu a tsakiyar mako. Ɗalibar da ta yi awa biyar ko shida a jirgi zuwa gabas, ta dawo cikin dare, da safe kuma tana da aikin ɗakin gwaje-gwaje, ita ce ke biyan kuɗin wannan zama cikin sa'o'i. Jami'ar da ke cewa ilimi ne gaba ya kamata ta fara lissafa darussan da ɗalibanta za su rasa.

Ga shi kuma sabon gidan ma ba shi da tabbas. A watan Disamba na 2023 Florida State ta maka ACC a kotu tana neman hanyar fita, Clemson ta bi baya a 2024, kuma sai a 2025 aka sasanta. A shekarar 2025 ɗin ne wata alƙaliya a Kalifoniya ta amince da yarjejeniyar da ta ba jami'o'i damar biyan ƴan wasansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko. Ƴan wasan sun cancanci wannan haƙƙi, tun da guminsu ake sayarwa. Amma hakan ya tabbatar da cewa babbar ƙwallon jami'o'i ta zama sana'a, kuma neman kuɗi zai ƙaru.

Mafita tana nan, an ma gwada ta. A ware ƙwallon Amurka ta yi tsarinta na ƙasa baki ɗaya, ta bi kuɗin talabijin duk inda yake, sauran wasanni su koma ƙawancen maƙwabta. Chip Kelly, lokacin yana kocin UCLA, ya ba da irin wannan shawara a ƙarshen 2023. Jami'ar Notre Dame ta daɗe tana cin gashin kanta a ƙwallon Amurka alhali yawancin sauran wasanninta suna ACC, kuma hakan bai hana AAU karɓar ta a 2023 ba. Babu dalilin da zai sa ɗan ninƙaya na Berkeley ya tsallaka nahiya saboda cinikin da aka ƙulla don wani wasa daban.

Wannan batu ya shafi duk ɗalibi ko uban da ke duba jami'o'in ƙetare yana auna su da sunan da ya saba ji a talabijin. Suna a filin wasa yana nuna yawan masu kallo ne kawai. Mai neman ilimi ya tambayi su wa ke koyarwa a sashen da yake so, wane bincike ake yi a can, ɗalibai nawa ke kammalawa, kuma nawa zai biya. Stanford da Berkeley manya ne kafin 2023, kuma za su ci gaba da zama manya ko da ACC ta watse gobe. Abin da ake jira daga shugabanninsu shi ne su bayyana wa ɗalibansu darussa nawa aka rasa a hanya tun da aka fara wannan doguwar tafiya a 2024, su kuma sa wannan adadi a kan teburi duk ranar da aka sake zaman rabon kuɗi.