A Daina Yi Wa Yahudawa Kuɗin Goro

Duk wanda ya zauna rumfunan 'yan Arewa a Coal Camp ta Inugu, ko bakin gadar Anacha, ko Fatakwal, ya san da zarar ciniki ya ɓaci sai ka ji an ce wa marowaci ko mayaudari "kai Bayahude ne". Maganar ta zauna a baki har ba a jin nauyinta. Ya kamata jama'a su tsaya su auna ta.

Abin da gwamnatin Isra'ila ke yi wa Falasɗinawa abin baƙin ciki ne, kuma wanda ya yi fushi da shi bai yi laifi ba. Amma gwamnati dabam, al'umma dabam. Idan akwai masu gane wannan, to, baƙi ne mazauna Kudu. A watan Fabrairu na 2006 an yi tarzoma a Maiduguri, sai ga shi an far wa Hausawa a Anacha, masu goro da masu albasa waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wanda aka taɓa yi wa kuɗin goro bai kamata ya yi wa wani ba.

To, a dubi ɗigon nan da ake ɗiga wa yara a baki don rigakafin shan inna. Dokta Albert Sabin ne ya ƙago shi, Bayahude ne da aka haifa a 1906, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka. Kafin shi Jonas Salk, shi ma Bayahude, ya fito da na allura a 1955. Dukansu biyu ba wanda ya yi rajistar mallakar maganin don ya tara dukiya. Ina rowar take a nan? A 2003 aka baza ji-ta-ji-ta cewa an sa maganin hana haihuwa a ciki, Kano ta dakatar da rigakafi har tsakiyar 2004. Ciwon ya sake bazuwa, ya tsallaka har Yaman da Indunusiya, yara da yawa suka gurgunce a banza. Sai ran 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, kuma da ɗigon nan na Sabin aka yi yaƙin.

Maganin farko da ya ci ƙarfin tarin fuka, watau sitiraftomaisin, a 1943 Albert Schatz ya gano shi a ɗakin binciken malaminsa Selman Waksman. Su ma Yahudawa ne.

Wani zai ce ai waɗannan can nesa suke. To, ga na kusa. Abner Cohen Bayahuden Bagadaza ne. Ya zauna da Hausawan Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, ya rubuta littafin da ya fito a 1969 a kan fataucin shanu da goro. Ya bayyana wa duniya yadda maigida ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, a ba da shanu bashi ba takarda ba sa hannu, sai amana kawai. Har gobe masu nazarin zaman zango sai sun bi ta kansa. Haka Joseph Greenberg ya zauna ƙasar Kano a 1938 da 1939 yana koyon Hausa da al'adun Maguzawa, daga baya ya tsara dangantakar harsunan Afirka, ya sa Hausa cikin babban dangi ɗaya da Larabci da Ibrananci.

Kai, magabata ma ba su yi wannan ƙyamar ba wajen neman lafiya. Musa ɗan Maimun, babban malamin Yahudawa haifaffen Ƙurɗuba, likita ne a fadar Salahuddini al-Ayyubi a Masar, kuma da Larabci ya rubuta littattafansa na magani. Ya rasu a 1204.

Sarakunan Hausawa da limaman Inugu, Anacha da Fatakwal su ne ke da bakin da ake ji. Su tsawata wa masu wannan zagi a kasuwa, kuma ranar da masu rigakafi suka shigo unguwa, su fara fito da 'ya'yansu da jikokinsu ƙofar gida.