SHARHI: Kano Pillars tsakanin gyaran gida da fargabar faɗuwa, da rabon matasan Rano da Kibiya

A ranar 12 ga Oktoba, 2025, ƙungiyar Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallon da Kano Pillars ta zura mata ana dab da tashi daga wasa, aka rabu 1-1 a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Abin da ya biyo bayan busar ƙarshe ne ya fi sakamakon wasan tsada. Wasu 'yan kallo sun kutsa cikin fili, suka far wa alƙalan wasa da baƙin 'yan wasa. Hukumar gudanar da gasar Firimiyar Najeriya ba ta ɓata lokaci ba: ta zaftare wa Pillars maki 3 da ƙwallaye 3, ta ci ta tarar naira miliyan 9.5, sannan ta rufe filin, ta umarci ƙungiyar ta koma filin Muhammadu Dikko da ke Katsina na aƙalla wasanni 10.

Ga mazaunin birnin Kano, wannan hukunci ya raba shi da nishaɗin yammacin Lahadi. Ga matashin Rano ko Kibiya kuwa, wanda dama sai ya haɗa kuɗin mota kafin ya ga Sai Masu Gida ido da ido, ƙungiyar ta ƙara yin nisa. Amma kuɗin da ake biyan albashin 'yan wasanta da tarar da aka ci ta duk daga baitulmalin jihar suke fitowa, baitulmalin da ƙananan hukumomi 44 ke da haƙƙi a cikinsa. Saboda haka yadda ake tafiyar da Pillars batu ne na shugabanci, kamar yadda batun makaranta ko asibiti yake.

Daga ɗaukaka zuwa gasar 'yan dagaji

An kafa Kano Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na birnin: WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ɗauki kofin gasar ƙasa karon farko a 2008 ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana. A shekarar da ta biyo baya ta fitar da Al Ahly ta Masar daga Gasar Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta dakatar da ita. Daga nan ta jera kofuna uku, a 2012 da 2013 da 2014. Filinta ya zama wurin da baƙo ba ya cin nasara: ta shafe shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi. A 2019 ta ɗauki Kofin Ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti.

Shekarar 2019 ɗin ce kuma ta nuna ciwon da ke cin ƙungiyar ta ciki. A wasannin zakaru shida da aka yi a Legas, magoya bayanta sun kutsa fili bayan wasa da Enugu Rangers, aka ci ta tara, aka dakatar da kyaftin ɗinta Rabi'u Ali. A Afrilun 2022 aka farfasa motar Katsina United a Kano, hukumar gasar ta cire mata maki, ta kora ta zuwa Abuja. Watanni biyu bayan haka aka haramta wa shugabanta na lokacin shiga harkokin gasar saboda farmakin da aka kai wa mataimakin alƙalin wasa a karawa da Dakkada. Da kakar ta ƙare, Pillars ta faɗa gasa ta biyu tare da Katsina United da Heartland da MFM.

Ta dawo a 2023 bayan wasannin neman gurbi da aka yi a Asaba. Kakanni biyun da suka biyo baya ta ƙare su a tsakiyar teburi, ba ta faɗi ba, ba ta kuma kusanci kofi ba. Wannan shi ne ginin da ake cewa ana sake ɗagawa, kuma abin da ya faru a Oktoba ya nuna cewa tsagar da ta rushe shi a 2022 ba a toshe ta ba. Sau huɗu ke nan cikin shekara shida hannun 'yan kallo ko na jami'ai yana jawo wa ƙungiyar asarar da ƙafar abokan karawa ba ta jawo mata ba.

Wa ke riƙe da ragama?

Pillars mallakar gwamnatin jihar Kano ce. Gwamna ne ke naɗa hukumar gudanarwarta, shi ne kuma ke rushe ta. Kofin 2008 ya zo a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, kofuna ukun da ta jera a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, Kofin Ƙalubale da faɗuwar 2022 a zamanin Abdullahi Umar Ganduje, dawowarta kuma ta tabbata a makonnin farko na mulkin Abba Kabir Yusuf. Kowane ɓangaren siyasa yana da abin tinƙaho da abin gori a tarihin ƙungiyar, shi ya sa muhawara a kanta ke saurin rikiɗewa ta zama ta jam'iyya.

Illar wannan tsari ita ce gajeren zango. Hukumar da ba ta da tabbacin wa'adinta ba za ta zuba kuɗi a kan yaro ɗan shekara 14 da sai bayan shekara biyar zai yi amfani ba. Abin da za ta nema shi ne sakamakon mako mai zuwa, in bai samu ba a sallami mai horarwa. Tun dawowar ƙungiyar an ga Abdu Maikaba, an ga Usman Abdallah, an ga Evans Ogenyi, sannan bayan mummunan farkon kakar 2025/2026 aka koma ga Mohammed Babaganaru, wanda ya ci mata kofunan 2012 da 2013. Kowane sauyi na zuwa da sabon salo da sababbin 'yan wasa, a koma farawa daga tushe. Mutanen Rano sun san yadda sauyin gwamnati ke sauya makomar cibiya: a 2019 aka ɗaga masarautarsu zuwa daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe ta, sannan aka maido da ita a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure.

Naɗin Ahmed Musa a matsayin babban manaja a Yulin 2025 shi ne babban matakin da gwamnati ta ɗauka don sauya wannan hoto. Hujjar naɗin a bayyane take. A Pillars ya ci ƙwallaye 18 a kakar 2009/2010, daga nan ya tafi VVV-Venlo a Holan, ya wuce CSKA Moscow da Leicester City da Al Nassr, ya zama ɗan wasan da ya fi kowa buga wa Super Eagles wasa. Ya ga yadda ake gudanar da ƙungiyoyin da ke ciyar da kansu, kuma sunansa na iya buɗe ƙofar kamfanonin da ba za su saurari ɗan siyasa ba.

Sai dai akwai tangarɗa a tsarin. Babban manaja shi ne ke sa ido a kan mai horarwa, mai horarwa kuma shi ne ke zaɓar wanda zai shiga fili. Idan manajan yana cikin 'yan wasan da ake zaɓa, to mai horarwa na shugabantar shugabansa ke nan. Ba lallai ne a sami mugun nufi ba kafin wannan ya zama matsala: ya isa a ce ranar da ya kamata a ajiye shi a benci babu mai ƙarfin halin faɗa. Bayan haka, akwai hukumar gudanarwa mai shugabanta a sama da shi, akwai ma'aikatar wasanni a sama da hukumar. In ba a fayyace wa ke sayen ɗan wasa, wa ke sa hannu a kan kuɗi, wa ke da alhakin tsaron fili ba, kowace nasara za ta sami iyaye da yawa, kowace asara kuma ta zama marainiya. Ahmed Musa ya fito ya ba da haƙuri bayan rikicin Oktoba, kuma hakan dattako ne, amma haƙuri ba ya maye gurbin ƙofofin shiga masu tsari da jami'an tsaro isassu da hukunta waɗanda aka gani suna duka.

Ina magadan Rabi'u Ali?

Rabi'u Ali, wanda magoya baya ke kira Pele, ya haura shekara 40 yana taka leda, kuma a kakar 2025/2026 yana cikin waɗanda ake dogara da su wajen cin ƙwallo. Wannan abin yabo ne gare shi, abin tuhuma ne ga ƙungiyar. Ahmed Musa da Shehu Abdullahi, waɗanda suka dawo gida a 2024, sun kawo gogewa da 'yan kallo, amma dukkansu sun haura 30. Ƙungiyar da ke sake gini ana auna ta ne da yawan matasan da ta raina da hannunta suka sami gurbi a jerin farko.

Remo Stars, wadda ta ɗauki kofin kakar 2024/2025, ta nuna wata hanya. Ƙungiya ce ta ɗan kasuwa Kunle Soname, tana zaune a Ikenne, garin da bai kama ƙafar Kano ba wajen yawan jama'a, amma tana da filinta da makarantar renon 'yan wasa ta Beyond Limits, wadda ke sayar da matasa zuwa Turai. Ba wai mallakar gwamnati ce kaɗai cutar ba, domin Enyimba ta jihar Abiya ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004. Bambancin yana ga dorewar shugabanci da kuma sanin inda ɗan wasan gobe zai fito.

A nan ne batun ya shafi Kano ta Kudu kai tsaye. Daga Rurum zuwa Saji, daga Tarai zuwa Durba, da wuya a sami makarantar firamare da filinta ba ya cika da yara bayan La'asar, musamman idan an kawar da amfanin gona. Gidajen kallo na cika maƙil ranar da Barcelona ko Arsenal ke wasa. Sha'awa da hazaƙa suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da za ta ɗauki yaro daga filin ƙauye ta kai shi gaban mai horarwar Pillars ba tare da ya san wani a birni ba. Kofunan da 'yan siyasa ke sakawa a mazaɓu suna tara jama'a, a raba riguna da babur, amma galibi suna ƙarewa ranar da aka miƙa kofi, ba wanda ke ajiye sunan yaron da ya yi fice ko ya bi sawunsa.

Gyaran wannan ba ya buƙatar biliyoyi. Masu farautar 'yan wasa da aka ware wa kowace shiyyar sanata, gasar makarantun sakandare mai jadawali tsayayye, da gwaji a fili sau ɗaya a shekara a gari irin Rano, wanda ke tsakiyar Kibiya da Bunkure, za su ci ƙasa da kuɗin sayen tsohon ɗan wasa guda da zai yi kaka ɗaya ya tafi. Yankin kuma bai rasa masu hali ba: daga Rano ne sunan A.A. Rano ya bazu a gidajen mai na ƙasar nan, ya kai ga kamfanin jiragen sama na Rano Air. Attajiran Kano irin waɗannan ba za su zuba jari a ƙungiyar da ba ta bayyana kuɗin shigarta da na kashewarta ba, kuma da wuya a ga laifinsu.

Ga shi kuma Pillars ta yi kishiya a cikin gida. Barau FC, ta Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin, ta hau gasar Firimiya a 2025. Yaron Kibiya mai ƙafa yanzu yana da ƙofa biyu da zai ƙwanƙwasa a jiharsa. Wannan gasa na iya zama alheri idan ta sa kowace ƙungiya ta fita neman matasa, tana kuma iya zama fitina idan aka mayar da filin wasa dandalin gwada ƙwanjin jam'iyyu gabanin zaɓen 2027.

Lissafin abin da ya rage

Gasar Firimiya na da ƙungiyoyi 20, kowacce na buga wasanni 38, rabi a gida rabi a waje. Ta ɗaya da ta biyu ke zuwa Gasar Zakarun Afirka, ta uku da wadda ta ɗauki Kofin Ƙalubale su tafi gasar kofin Confederation, huɗun ƙarshe kuma su faɗi. A gasar Najeriya cin wasa a waje abu ne mai wuya, don haka mafi yawan makin kowace ƙungiya a gida take tara shi. Idan aka ɗauke wa Pillars wasanni 10 cikin 19 na gida aka kai su Katsina, an taɓa fiye da rabin rumbunta. Ga ƙarin kuɗin mota da masauki, ga asarar kuɗin ƙofa.

Da wannan lissafi, maganar shiga sahun ukun farko a kakar 2025/2026 buri ne mai nisa. Ƙungiyar da hukunci ya jefa ƙasan teburi aikinta na farko shi ne ta fice daga cikin huɗun ƙarshe, domin faɗuwa ta biyu cikin shekara huɗu za ta kori 'yan wasa da masu ɗaukar nauyi a lokaci guda. Hanyar da ta fi kusa zuwa Afirka ita ce Kofin Ƙalubale, inda nasara a 'yan wasanni kaɗan na sili-ɗaya-ƙwale ke iya kai ƙungiya ƙarshe, kamar yadda El-Kanemi Warriors ta yi a 2024 tana gasa ta biyu. Amma ko an sami gurbin, fita Afirka da tawagar da ba ta da zurfi kan ƙare a zagayen farko.

Ma'aunin kakar 2025/2026, saboda haka, ba kofi ba ne. Za a duba ko Babaganaru zai kai ƙarshenta a kan kujerarsa, ko an gurfanar da waɗanda suka kutsa fili, ko Majalisar Dokokin jihar za ta nemi bayanin abin da ake kashewa a kan ƙungiyar, da kuma matasa nawa 'yan ƙasa da shekara 20 za su buga wasa. 'Yan majalisar da ke wakiltar Rano da Kibiya suna da hurumin yin waɗannan tambayoyi a lokacin kare kasafin kuɗi, kuma matasan da suka zaɓe su suna da hurumin tambayarsu ko sun yi.