Daga Rumfar Albasa: Teburin da ya wanke ɗan ƙanena

Wannan makon maganar kwamfuta zan yi. Na san wani zai ce me ya haɗa mai albasa da kwamfuta. Ku dai yi haƙuri ku ji, domin saura ƙiris in kori ɗan ƙanena a kan laifin da bai yi ba.

A ƙarshen 2022 ne, mun fara sabawa da Adjen Kotoku, inda aka mayar da mu 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie ta Akara a 2021. Ciniki babu laifi, mota na zuwa daga Galmi tana ƙarewa. Amma duk ranar da na tashi aika kuɗin sabon lodi sai in tarar jari ya rame. Yaron nan shi ke riƙe da littafi da aljihun rumfa, saboda haka Shaiɗan bai sha wahala da ni ba. Ya sayi sabuwar waya, na ƙirga masa. Ya ɗinka kaya, na ƙirga. Har na gama shirya abin da zan faɗa wa ubansa.

'Yata ta biyu, wadda ke karatun akanta, tana gida hutu. Ta ce, "Baba, kafin ka kira Baffa, ka ba ni littattafan nan na kwana bakwai." Na ce me za ki gani wanda ban gani ba, ni da na shekara talatin ina lissafi da ka? Ta ce ba ita za ta gani ba, ni zan gani.

Manhajar da ta buɗe sunanta Excel, ta kamfanin Microsoft. Shafi ne mai gida-gida, layuka a kwance masu lamba, ginshiƙai a tsaye masu harafi. Wahalar duk a farko take, wajen kwafe littafi uku, kuma ta kafa mini dokoki kamar malamar firamare. Ciniki ɗaya, layi ɗaya. Kowane ginshiƙi abu ɗaya yake ɗauka: A ranar sayarwa, B mai saye, C gari, D yawan buhu, E farashin buhu da sidi. Gidan lamba kuwa lamba tsura, ba a rubuta "buhu 12" ko "12 da rabi", sai 12 ko 12.5. Ba a barin layi fayau a tsakiya, ba a tara jimla a ƙarƙashin kowane mako yadda muke yi a littafi. Mun sha faɗa a kan kuɗin gida. Ni na saba da jika da dala, jika sefa 1,000, dala sefa 5, ita kuwa na'ura ba ta san wannan ba. In ka rubuta 20 kana nufin jika ashirin, sefa ashirin za ta ɗauka. Dole ka rubuta 20000.

Daga nan sai dabarun lissafi, waɗanda yara ke kira fomula. Kowace tana farawa da alamar daidai. A gidan F2 ta sa na buga =D2*E2 da hannuna, wato buhu sau farashi. Ta ce in kama ɗan ɗigon da ke kusurwar gidan in ja ƙasa. Na ja, layi ɗari-ɗari suka cika da jimlarsu kafin in saki. Wallahi sai da na ce a sake in gani. Ta ƙara ginshiƙin G, wanda ya sayar, ni ko yaron, domin rubutun hannunmu ya bambanta a littafi. Sai H ranar da kuɗi ya shigo, sai I mai =H2-A2, wadda ke fitar da yawan kwanakin da kuɗin ya yi a hannun mai saye. Na ƙarshe su ne canjin sidi da sefa na ranar da aka biya, wanda muka tono daga saƙonnin mai canjina a WhatsApp, da abin da cinikin ya zama in an mayar da shi sefa.

Akwai wata da nake so ƙwarai: =SUMIF(C:C,"Kumasi",F:F). Ma'anarta, duba ginshiƙin gari, duk inda ka ga Kumasi, tara abin da ke F. 'Yan uwa na Nijar, Kwatano, Lome da Kamaru masu kwamfutar Faransanci, a wurinku sunanta SOMME.SI, kuma waƙafi mai ɗigo ake sawa a tsakani maimakon waƙafi. Wani abokina a Maraɗi ya kwana biyu yana zagin na'urarsa a kan wannan kaɗai.

To amma fomula tambaya ɗaya take amsawa, kuma sai ka san abin da kake nema. Abin da ya buɗe mini ido shi ne teburin juyi. A allon za ka same shi ƙarƙashin Insert da sunan PivotTable, a Faransanci tableau croisé dynamique. Ku ɗauka kamar yadda muke ware albasa ne a tabarma. Tuli ɗaya ne, amma za ka iya ware shi manya da ƙanana, ka sake haɗawa ka ware sabuwa da tsohuwa, albasar ba ta canza ba. Akwatuna huɗu ne a gefen dama: na layuka, na ginshiƙai, na abin da za a tara, da matata. Ka ja sunan "gari" ka jefa a layuka, ka ja "jimla" ka jefa a na tarawa, shi ke nan kowane gari ya fito da kuɗinsa. Ka cire gari ka sa mai saye, tebur ya juya. Littafinka na asali yana nan, ba abin da ya taɓa shi.

Na farko da muka yi ya ba mu kunya. Kumasi ta fito sau biyu, domin wata rana na rubuta Kumasi, wata rana Kumashi. Wata 'yar kasuwa ɗaya ta zama mutum huɗu. Sannan wani ginshiƙi ya ba da 214 a inda nake jiran dubbai, ashe a gida ɗaya na rubuta "ba a biya ba" a wurin lamba, sai teburin ya koma ƙirga layuka maimakon tara kuɗi. Dare guda muka ɓata muna gyaran suna.

Da aka gyara, ta ce, "Baba, yanzu kai za ka ja." Na jefa "wanda ya sayar" a layuka, wata-wata a ginshiƙai, riba da sefa a akwatin tarawa. Layi biyu suka fito. Layin yaron riba ce tun daga Janairu har Disamba, ba mai yawa ba amma ba ta yanke ba. Layina daga Satumba zuwa Nuwamba lambobi ne masu alamar ragi. Na ce an yi kuskure. Ta yi shiru, ta jefa kwanakin bashi, ta canza shi daga tarawa zuwa matsakaici. Shi kwana biyu zuwa uku, domin na hana shi ba da bashi. Ni kwana arba'in da wani abu.

Ga abin da ya faru. Manomi da mai mota sefa nake biyansu, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya. Masu saye sidi suke biyana. A farkon 2022 dalar Amurka tana wajen sidi 6, zuwa Nuwamba ta haura 13. A ce buhu ya iso rumfa a kan sefa 22,000, na ba da shi bashi sidi 400 ranar da sidi ke sefa 65. A ka, na ci 4,000, kuma haka na rubuta a zuciyata. Bayan mako shida aka kawo mini sidi 400 cif, ba a ci mini ko kwabo ba, amma sidi ta koma sefa 48. Sefa 19,200 ke nan, na faɗi da 2,800 a buhu guda. Su wa nake ba wa irin wannan bashi? Manyan masu sayen da nake alfahari da su, masu ɗaukar buhu hamsin a tashi ɗaya. Kowa a kasuwa ya san sidi tana faɗuwa, ni ma ina cikin masu kukan, sai dai ban taɓa ɗora kukan a kan bashin da nake bayarwa da hannuna ba.

Ban yi barci sosai ba ranar. Bayan sallar asuba na kira yaron bayan rumfa. Na ce, "Na zarge ka a raina, ban faɗa ba, amma na zarge ka. Ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai na lura. Tun watan jiya ka daina ba ni makulli." Wannan ta fi lambobin zafi. Wayar ma ashe adashi ya ɗauka.

Abin da na canza kaɗan ne. Ba na ƙara ko sisi a kan bashi don ya daɗe, wannan kuɗin ruwa ne, Allah Ya tsare. Wa'adi na rage zuwa mako biyu, kuma kuɗi na shigowa nake canza shi, ba ya kwana. Mutum biyu sun yi fushi sun koma wata rumfa. Akwai kuma wata Hajiya daga Kumasi da teburin ya nuna ta fi kowa jinkiri, amma ita ce ta ba ni aron kuɗin mota lokacin da aka tashe mu daga tsohuwar kasuwa, ba takarda ba shaida. Babu ginshiƙin wannan a shafin. Har gobe ina ba ta, sai dai yanzu na san abin da nake bayarwa.

Gargaɗi ɗaya ga mai son gwadawa: teburin juyi na Excel ba ya sabunta kansa. In ka ƙara ciniki sai ka danna Refresh, ko Actualiser, ka kuma tabbatar sababbin layukan sun shiga cikin yankin da yake karantawa. Na taɓa yin mako biyu ina murnar lissafin da ya tsaya tun ranar da 'yata ta koma makaranta. Google Sheets ma na yin wannan aiki kyauta, kuma ana iya shigar da cinikin yini ta waya.

Yanzu yaron ne ke shigarwa kowace yamma kafin magariba, ni kuma ranar Juma'a nake zama in juya teburin. Makon jiya ya ƙara ginshiƙin ruɓaɓɓiyar albasa, lodi-lodi, direba-direba, bai ma tambaye ni ba. Na ga abin da ya fara fitowa, amma ba zan ce komai a kan kowane direba ba sai mun tara lodi goma.