Ba kowace rama ce ta taifod ba



A gidajenmu idan budurwa ta fara ramewa, abu uku muke kawowa: taifod, olsa, ko sammu. Ba ma kawo cewa ita ce ke hana kanta abinci, don gani muke wannan ciwon Turawa ne, mu da 'yan matanmu ke neman "sha ka fashe". To amma yarinyar da ta tashi a Agege ko Sabon Ibadan, abin da 'yar Ingila ke kallo a TikTok shi take kallo, masu tallar shayin rage ƙiba kuwa ba sa tambayar yare.

Na farko likitoci na kiransa anoreksiya. Yarinya ta zama ƙashi da fata amma ta dage ƙiba gare ta. Kullum "na ƙoshi", ko "na ci a makaranta". Jinin al'ada ya ɗauke, gashi na zuba, ga jiri, tana jin sanyi ana zafi. Wata da azumin nafila take fakewa, mu kuma muna ta sa albarka. Mai azumi don Allah ai tana ɗokin buɗa baki; wannan gudunsa take.

Na biyun, bulimiya, ya fi wuyar ganewa, don jikin ba lallai ya rame ba. Za ta ci da yawa a ɓoye, sai ta shige banɗaki ta sa yatsa ta amayar, ko ta sha maganin wankin ciki. A duba kumburin kumatu, haƙora masu zaizayewa, da tabo a bayan yatsu. Gimbiya Diana ma ta faɗa a hirarta da BBC a 1995 cewa ta yi shekaru da shi. Yawan aman yana ƙarar da sinadarin fotasiyam, zuciya na iya tsayawa. Samari ma na kamuwa.

A ganina faɗa da ɗura ba sa magani, ƙara mata ɓoyo suke. Gorin "kin zama buhu" da gwaggwanni ke yi ma a daina. A yi addu'a, a kuma kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, kai ta can ba ya nufin ta haukace. Na Legas ga asibitin Yaba, na Abeokuta ga Aro, na Ibadan ga UCH. Idan ta suma ko ƙirjinta na bugawa ba daidai ba, kada a jira gari ya waye.

Sakataren ƙungiya