Babban Digiri A Faransa: Ina Arahar Take, Ina Tsadar Take?

Tun daga watan Janairu na 2024, lokacin da gwamnatin Ingila ta hana yawancin masu zuwa karatun digiri na biyu tafiya da iyalinsu, ga kuma faɗuwar da Naira ta yi tun watan Yuni na 2023, sunan Faransa ya shiga bakin masu neman ƙaro ilmi. Labarin da ke yawo shi ne wai karatu a can kyauta ne, ko kusa da kyauta. Da yake 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu su ne akan aiko wa daga gida in maganar kuɗin karatu ta taso, ya kamata a warware musu zancen, don wanda ƙanensa ya gama digiri a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ko ɗansa ke zaune a Jere bayan hidimar ƙasa, ya san abin da zai ɗauka kafin ya ce to.

Akwai gaskiya a cikin labarin. Gwamnatin Faransa ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin jami'o'inta, kuma har zuwa 2018 ɗan ƙasa da baƙo kuɗi ɗaya suke biya, wato Yuro 243 a shekara ga mai digiri na biyu. A watan Nuwamba na wannan shekara Firayim Minista Edouard Philippe ya ba da sanarwar sabon shiri, inda daga 2019 aka ɗora wa baƙin da ba 'yan Tarayyar Turai ba Yuro 2,770 a digiri na farko, da Yuro 3,770 a na biyu. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, magana ta kai kotu, jami'o'i da yawa kuma suka yafe wa baƙinsu ƙarin. Amma dokar tana nan, kuɗin kuwa ana ɗan ɗaga shi a kai a kai, saboda haka kada kowa ya dogara da abin da wani ya biya shekara uku da suka wuce, ya nemi takardar jami'ar da yake so ta wannan shekarar ya karanta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ƙarin bai shafi masu digirin dakta ba. An bar su a kan Yuro 380, daidai da ɗan ƙasa.

To, ashe ƙofar dakta ita ce mai araha. Sai dai shigarta ba irin wadda muka saba ba ce. A Faransa digiri na farko shekara uku ne, na biyu shekara biyu cur, ba ɗaya kamar na Ingila ba, na dakta kuma shekara uku a ƙa'ida, ko da yake masu nazarin tarihi da zamantakewa sukan wuce haka. Mai neman dakta ba fom kaɗai zai cika ya zauna jira ba. Sai ya nemo shehun malamin da ya yarda ya duba aikinsa, sannan sashen bincike ya karɓe shi, kuma a fannonin kimiyya da wuya a rubuta sunansa in bai nuna wanda zai ciyar da shi shekara ukun nan ba. Wanda ya dace ya sami kwantiragin bincike, ma'aikaci ake ɗaukarsa, da albashin da a 2024 bai gaza Yuro 2,100 a wata ba kafin a cire abin da ake cirewa. Irin waɗannan gurabe kaɗan ne, kuma galibi malamai sukan ba wanda suka riga suka ga ƙwazonsa a digiri na biyu. Nan ne ɗan Nijeriya kan tsinci kansa a baya.

Tsadar gaskiya tana wajen zama. A 2024 ofishin biza yana neman ɗalibi ya nuna yana da Yuro 615 na kowane wata, wato Yuro 7,380 a shekara. A farkon 2023, da Yuro ke wajen Naira 500 a farashin gwamnati, wannan bai kai Naira miliyan huɗu ba. Da Yuro ya kai wajen Naira 1,700 a 2024, sai ya haura miliyan goma sha biyu, ba a sa kuɗin makaranta ko na jirgi ba. Mai karatu ya tuna kuma a daminar 2023 ne cuta ta cinye citta a Kagarko da Kachia da Jaba, citta kuwa ita ce asusun gidaje da yawa a wannan yanki. A birnin Paris ɗan ƙaramin ɗaki kaɗai yana iya lashe Yuro 615 ɗin har a nemi ciko. Garuruwa irin su Clermont-Ferrand da Limoges da Poitiers sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, digirinsu kuwa na ƙasa ne, hatimi ɗaya da na Paris.

Akwai abubuwan rage zafi. Hukumar jin daɗin ɗalibai da ake kira CROUS tana da ɗakunan kwana masu rahusa, ko da yake ba sa isa, tana kuma da gidajen abinci inda a 2024 ake sayar da cikakken abinci a kan Yuro 3.30. Doka ta yarda baƙon ɗalibi ya yi aikin awa 964 a shekara, rajistar inshorar lafiya kuma kyauta ce. Tallafin kuɗin haya ma ya daɗe yana kaiwa ga baƙi, amma a kasafin kuɗin da gwamnati ta gabatar a watan Oktoba na 2025 ta nemi a janye shi daga waɗanda ba 'yan Turai ba kuma ba su da sukolashif, don haka kada a sa shi cikin lissafi. Sai kuma wahalar takardu. Mai gida zai nemi wanda zai tsaya maka, banki zai nemi adireshi, ofishin sabunta izinin zama kuwa yana iya ajiye mutum watanni yana jira. Duk wannan da Faransanci ake yinsa.

Wannan ya kawo mu kan harshe, wanda a ganinmu shi ne ainihin kuɗin shiga. Tun bayan dokar 2013 jami'o'in Faransa sun buɗe kwasa-kwasai fiye da dubu da Turanci, kuma dillalan karatu da wannan suke jan hankalin matasa. Amma aji ne kaɗai ke Turanci. Yawancin digiri na biyu ana rufe shi da watannin koyon aiki a kamfani ko ɗakin bincike, ga aikin awa 964 ɗin nan, ga izinin shekara guda na neman aiki bayan an gama, kuma duk mai Faransanci ne ke cin moriyarsu. Wanda ya je da Turanci zalla zai iya dawowa da takarda, amma ya yi zaman kurma shekara biyu.

Kudancin Kaduna yana da misali nasa. Marigayi Dokta Obadiah Mailafia, ɗan Randa ta ƙaramar hukumar Sanga, wanda ya rasu a watan Satumba na 2021, da sukolashif na gwamnatin Faransa ya tafi. Da harshe ya fara, a Jami'ar Clermont-Ferrand a 1985, sannan ya wuce makarantar koyon aikin mulki a Paris a 1986. A Oxford ya yi dakta daga baya, amma mutum ya dubi inda ya yi aiki: Bankin Raya Afirka a Abijan da Tunis, da ofishin ƙungiyar ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik a Brussels, wuraren da Faransanci ke da ƙarfi ƙwarai, ban da zamansa Mataimakin Gwamnan Babban Banki daga 2005 zuwa 2007. Farfesa Jibrin Ibrahim ma, wanda ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello, a Bordeaux ya yi nasa digirin na dakta. Wani abin sha'awa, Hausar nan tamu ana koyar da ita a Paris, a makarantar harsuna ta INALCO.

Iyaye sukan yi tambaya kan addini. Dokar 2004 da ta hana alamomin addini ta tsaya ne a makarantun firamare da sakandare na gwamnati, ɗaliba tana shiga jami'a da ɗankwalinta ko hijabinta. Rufe fuska kuwa an hana shi a bainar jama'a da dokar 2010. Ba a tsara darussa don Juma'a, kuma kada a sa ran masallaci ko coci a harabar jami'a kamar yadda muke da su a Samaru.

Wa zai biya? Wannan ita ce tambayar da ta kamata wakilan yankin su riƙa yi. Asusun TETFund ya dakatar da tura malamai waje daga Janairun 2025, bisa dalilin tsada da kuma waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa. Jihar Kano ta yi wani shiri da ofishin jakadancin Faransa inda ɓangarorin biyu suka raba nauyin karatun malaman manyan makarantunta. Irin wannan shi ya fi dacewa da malaman Kafanchan da Gidan Waya da sabuwar jami'ar tarayya ta Kachia, musamman da yake tsarin Faransa ya yarda a yi dakta tsakanin jami'o'i biyu, mutum ya yi wasu watanni can, wasu a gida, aikinsa bai kuɓuce ba. Siyasa ma tana da hannu a ciki. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023 Faransa ta dakatar da ba ɗaliban Jumhuriyar Nijar biza, wasu da takardar karɓa a hannunsu suka rasa shekara.

Neman gurbi ta hannun ofishin Campus France ake yinsa, a Abuja ko Ikko, kuma akan fara tun wajen Oktoba don shiga a Satumba mai zuwa. Ɗan Jere Abuja ce kusa da shi. Wanda ke zaune wurin yayansa a Kudu kuwa ya fi samun wurin koyon harshe, don akwai Alliance Française a Ikoyi da Badun, ga Ƙauyen Faransanci na Badagry da aka kafa a 1991. Yawancin kwasa-kwasan da ake yi da Faransanci suna neman matakin da ake kira B2, wanda malaman harshen ke ƙiyasta yana cin awa wajen 600 ga wanda ya fara daga tushe. Mai zuwa aji awa goma a mako, sai ya yi shekara guda da wata biyu kafin ya isa zaman jarrabawar.