Kujerar Kano ta Gabas da Abin da Ta Bari na Wa'azi

Akwai wata mazaɓa da ake kira Kano ta Gabas, wadda yau babu ita, amma labarinta ya isa abin lura ga mai hankali.

A 1954, lokacin da zaɓen Arewa yake hawa-hawa, daga unguwa zuwa gunduma har sama, Malam Aminu Kano na jam'iyyar NEPU ya nemi kujerar Majalisar Wakilai ta Ikko, Malam Maitama Sule na NPC ya kayar da shi. A 1956 ya sake tsayawa, wannan karo don Majalisar Arewa ta Kaduna, a Kano ta Gabas, Alhaji Ahmadu Ɗantata ya rinjaye shi. Sau biyu ke nan, amma bai yi fushi ya koma gida ba.

Ranar 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen tarayya inda kowane baligi namiji ya jefa ƙuri'arsa da hannunsa, a asirce. Mata kuwa ba a ba su wannan dama a Arewa ba tukuna. Kujeru 312 aka yi takara a kansu, 174 na Arewa ne. A nan talakawa suka fito, suka bai wa mai alamar tauraro Kano ta Gabas, ya tafi Ikko.

To, ga inda wa'azin yake. Da zaɓen 30 ga Disamba 1964 ya ƙarato, ƙungiyar UPGA, wadda NEPU ke cikinta, ta yi kukan an hana 'yan takararta sakat, ta yi shelar a ƙaurace wa akwati. Kukan yana da dalili, amma akwati ba ya lissafa wanda ya zauna a zaure. Mutane ƙalilan suka fita, kujera ta koma hannun Alhaji Mahmudu Ɗantata na NPC, attajirin nan mai jigilar alhazai. Shi ma bai daɗe a kanta ba, domin bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 soja suka rushe majalisa, mazaɓar ta tafi ke nan.

Ashe kujera ba gadon kowa ba ce. Malami ya hau, attajiri ya hau, duk sun sauka. Wanda ya fita ranar zaɓe shi ne ya yanka hukunci, wanda ya ƙi fita an yanka a kansa.

Lokacin da ake wannan gwagwarmaya, injunan matsar gyaɗa na Bompai suna ta aiki. Sharaɗa da Challawa sun bunƙasa daga baya, bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Yau masana'antu da yawa a wuraren nan sun rufe ƙofa, saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha. Haraji da kwastan da lantarki kuwa a majalisa ake zartar da dokokinsu. Ɗan kasuwar da ya ce ba ruwansa da zaɓe, ya bar wani ya yi masa ciniki ba ya nan.

Saboda haka ya kamata malami ya faɗa wa almajiransa baligai, maigida ya faɗa wa yaran shagonsa: a yanki kati, a binciki halin ɗan takara kamar yadda ake binciken wanda za a bai wa bashi, kada a sayar da ƙuri'a, kada kuma a yi zuciya a zauna gida. Wassalam.